Robar Malam Habu tana hanyar injin niƙa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe ina fitowa daga get ɗin kamfaninmu na sarrafa fata a Challawa aka tare ni da labarin Malam Habu Mai Zane ya rasu. Tun shekaranjiya. Har an kai shi makwancinsa a ƙauyensu, ni ina can ina fama da fata ban sani ba.



Wanda bai san shi ba, shi ne dattijon nan da ya yi zanen atamfa a wata masaƙa a Bompai har aka rufe ta. Daga nan ya koma tsintar ragowar robar silifa a Sharada, ya sassaƙa hoto a kai, ya shafa tawada, ya ɗora takardar buhun siminti ya murza da bayan cokali. Labari yake bayarwa da su: leburori a layin get, mata masu ware leda, mai shayi da butarsa.

Duk Lahadi muna cike a rumfarsa muna koyon aikin, direbobi, teloli, malaman firamare. Bai taɓa korar kowa ba. Ran da na fara sassaƙa sai da na yanke yatsa. Ya ɗaure min da tsumma yana dariya, ya ce, "Nura, robar na ce ka yanka."

Ganina da shi na ƙarshe ya rame sosai. Ya jawo buhu ya nuna min sabon aikinsa, labarin ma'aikatan fata na Challawa, tun daga jiƙo har shanya. Ya gama sassaƙa, ko ɗaya bai buga ba.

Na ce, "Malam, yaushe za ku buga?"

Ya ce, "Hannuna ya daina danna cokali. Kai za ka buga min."

Ina jin rasuwar na hau keke na nufi ɗakinsa. An share shi tas. Ƙaninsa da ya zo daga ƙauye ya ce jiya ya ba 'yan gwangwan buhunan roba sadaka, don ladan ya kai ga mamaci. Da na faɗa masa abin da ke ciki ya dafe kai ya ce, "Wallahi ɗana, na zaci bola ce."

Ban ga laifinsa ba. Baƙar roba ce mai datti, sai ka karkata ta ga haske kake ganin mutane a jiki.

Tun ɗazu nake zaga wuraren niƙa roba a Sharada, inda 'yan gwangwan ke kai kayansu. Kowa ya ce bai gani ba, injuna kuwa ba su tsaya ba.  In aka niƙa robobin Malam shi ke nan, babu hoto a waya, babu kwafi, ni kaɗai na taɓa ganinsu.

Don girman Allah ku yi sharing. In kana aikin niƙa, ko ɗan'uwanka na yi, duk baƙar roba mai faɗi da ta zo hannunku ku juya ta ku duba kafin ku jefa.

Allah Ya jiƙan Malam Habu, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa. Ku sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa min Allah Ya sa in riga injin isa wurin buhun nan.