Hannun da Ya Noma Riɗi

Ban yafe wa mazan unguwarmu ba. Sun shirya wa marigayi, wani babban ɗan siyasar jiharmu, addu'ar shekara a nan Jidda, suka ce mu mata namu girki ne. Wuni suka yi suna "shugaban jam'iyya na ƙasa", ba wanda ya tuna ya taɓa yin kwamishinan gona.

Ni na tuna. Ranar rabon iri a ƙauyenmu ya ɗebi riɗin da na kawo, ya murza a tafinsa, ya shinshina, ya tauna, yadda ya saba yi wa amfanin kowa. Ya ce, "Gonar wa?"

Ƙanin mijina ya yi caraf, "Tamu ce, ranka ya daɗe."

Na ce, "Ƙarya yake, tawa ce!"

Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya sa aka rubuta sunana. Na miƙa yatsa zan dangwala, sai ya janye tawadar. "Baiwar Allah, biro ba zai gagari hannun da ya noma wannan ba."

Ina shekara arba'in na shiga yaƙi da jahilci. Ga hannun nan, shi yake wannan rubutu. Allah ya sanyaya makwancinsa kamar ƙasar da ta sha ruwan farko.

A gindin tukunyar girkin addu'ar nan na gano abokan girkina shida har yau dangwale suke yi. Washegari na sayo biro shida a kasuwar Bab Makka, na bi su ƙofa-ƙofa. "Yalla, ku fito koyon rubutu. Ladan na marigayi ne."