Ragon Maƙwabcina Magini

Tun ina yaro a Damagaram nake da ciwon tambaya. Babana bai taɓa hana ni ba. In na tambaye shi abin da bai sani ba, sai ya aike ni wajen wanda ya sani, ya ce in dawo in gaya masa. Da wannan hali na yi yawon fatauci, Kano, Kumasi, Khartum, har Faransa na taɓa zama. Na tsinci Faransanci da Larabci a hanya, Tamahak kuma, harshen Buzayen can, sai da na zauna Tamanrasset na koye shi. A kasuwa, inda nake da shagon yadi da turare, abokaina suna ce mini sarkin tambaya. Ba yabo suke yi ba.

A unguwar Tahaggart ta Tamanrasset muke zaune, cikin wani babban gida mai ɗakuna da yawa, kusan dukanmu ƴan Nijar: ni da iyalina, da samari masu aikin gini. Babbansu wani magini ne daga wani ƙauye na ƙasar Maradi, Bahaushe kamar kowa, sai dai Kirista ne, shi da matarsa. Shi ke samo wa samarin aiki, shi ke zuwa wajen jandarma in an kama wani babu takarda. Da azumi kuwa ba ya shan ruwa a gabansu, komai zafin rana.

Wata shekara, ana saura ƴan makonni Nowel, sallarsu ta haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya zo shagona ya tsuguna ya gaishe ni.

"Baba Alhaji, na sayo rago daga garin Silet. Ina so kai za ka yanka mini shi ran sallarmu."

Na san dalili. Shekarar da ta wuce ina kan tafiya, ya yanka da kansa, matarsa ta soya ta aika kowane ɗaki. Kwanukan duka suka dawo a rufe yadda aka kai su. Ba wanda ya faɗi baƙar magana, an gode kawai ake cewa. Matata ta gaya mini matar ta yi kuka, ta ce in aka sake yi mata haka gida za ta koma, ba ta zama inda ake ƙyamar tukunyarta.

Na ce, "Ɗana, ka ba ni lokaci in bincika."

Ya ce, "Baba, rago ne fa, ba ɗaurin aure ba."

Na fara da malamanmu. Wani matashi mai karatu ya ce haramun ne, bai ma bari na gama magana ba. Sai na tafi wajen wani tsohon malami ɗan Agadas da ke koyarwa a zaurensa. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Don wa ake yanka shi? In hadaya ce ga wanin Allah, kada ka kusance ta. In abincin baƙi ne, wannan wata magana ce. Ni ban san addininsu ba, kai ma ba ka sani ba. Je ka sano."

Na daɗe ban ji umurnin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

Na koma wa magini da tambayar. Ya sosa kai ya ce, "Wallahi Baba ban sani ba. Haka na tashi na ga babana yana yi. Na ɗauka kamar layyarku ce." In layya ce kuwa, magana ta ƙare. Na roƙe shi aron littafinsu na Hausa. Matarsa ta kawo mini shi nannaɗe cikin sabon kallabi.

A shago nake karantawa in babu ciniki, ƙarƙashin wani bandir na yadi, saboda shekarun nan ƙasar ba ta da kwanciyar hankali, kowa yana taka tsantsan. Duk da haka maƙwabcina mai dabino ya kama ni.

"Sarkin tambaya, yaushe za su yi maka wankan shiga addininsu?"

"Ranar da ka daina danne sikeli da yatsa."

"Ashe za ka mutu Musulmi," in ji shi, muka fashe da dariya.

Na karanta labarin haihuwar a wurare biyu da ya zo, na maimaita. Akwai makiyaya da tumakinsu a daji, amma ba a yanka ko ɗaya ba. Hadayar da na gani ta tsuntsaye biyu ce, wadda aka kai ɗakin ibada bayan haihuwa bisa al'adar Yahudawa. Ban ga an faɗi rana ba, ban ga an ce a yi biki ba. Sai na tuna abin da idona ya gani. A Kumasi kaji da akuya suke ci. A Faransa talo-talo. Kiristoci Kibɗawa na Khartum ma ba rana ɗaya suke yi da sauran ba. Layyarmu kuwa duk inda na je iri ɗaya ce, da ranarta da sharuɗɗanta. Abin da aka wajabta ba ya canja kama daga gari zuwa gari haka.

Amma karatun baƙo a littafin wasu ba ya isa hujja. Na ce wa magini ya kai ni wajen malaminsu. Wani tsohon Bafaranshe ne da ke zaune a gidan ƙasa cikin tsohon gari, ya fi ni jin Tamahak nesa ba kusa ba. Ya dafa mana shayi da kansa. Da na yi tambayata sai ya yi dariya har da tari.

"Uwata ta yi Nowel duk tsawon rayuwarta," ya ce, "da ka ba ta rago da ba ta san ta ina za ta kama shi ba. Mu ba ma zubar da jinin dabba don ibada. A wajenmu hadaya ta ƙare da Almasihu."

Na ce, "A nan muka rabu da ku, malam."

"Na sani, Alhaji. Amma ragonka ya kuɓuta daga zargi."

Mun daɗe muna magana a kan inda muka rabu ɗin. Bai sassauta nasa don ya faranta mini ba, ni ma ban sassauta nawa ba, kuma ya cika mini kofi har sau uku.

Muka kama hanyar komawa. Ni ina murna na sami amsa, magini kuwa kamar an ƙwace masa wani abu.

"Ke nan ragon babana ba komai ba ne," ya ce.

Na tambaye shi yadda baban nasa yake yi. Wa ke yankawa? Ya ce limamin ƙauyensu ake kira. Wa ake fara kai wa? Ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Ya ce cinyar farko kullum gidan wan babansa ake kai ta, wanda ya daina yi wa baban magana tun da baban ya shiga Kiristanci. Shekaru ana mayar da ita, har wata shekara ba a mayar ba.

Na ce, "To ka ji abin da ragon yake yi."

Na kai wa tsohon malamin Agadas duk abin da na samo. Ya yi mini ƴan tambayoyi, sannan ya ce, "Ka fuskantar da shi alƙibla, ka ambaci sunan Allah. Naman maƙwabci ne."

Ran sallar da hantsi na yanka shi a tsakar gida, magini yana riƙe da ƙafafu, samari sun fito suna kallo. Ban yi wa kowa wa'azi ba. Na dai zauna a kan tabarma inda kowa zai gan ni, aka kawo mini hanta da zafinta na ci. Akwai ɗaki ɗaya da suka ce su dai ba za su ci ba, suka faɗa wa magini baki da baki, cikin ladabi, shi ma ya ce ba komai.

Na gode wa Allah da ya ba ni uban da bai kashe mini tambaya ba, da malamai biyu da ba su ji tsoronta ba. Na ci gaba da zuwa gidan ƙasar nan shan shayi da gardama har tsohon ya kasa tafiya, ban bar addinina ba, sai ma na ƙara sanin abin da nake riƙe da shi.

Da la'asar ta ranar matar magini ta shigo wajen matata, kwanuka jere a kanta, tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya. An wanke su tas, kuma cikin kowanne an zuba mata ɗan dabino ko sukari, don ba a mayar da kwano haka nan. Ta ce, "Inna, duba mini nan." Ba ta sake zancen komawa gida ba.