Malamin da Ya Ƙi Wurin Dattawa

Shekarunsa za su kai sittin, kuma malamin makaranta ne, don alli ya ci hannun rigarsa. Yana tsaye bakin ruwan Wara da hantsi, yana jiran tashin jirgin Yelwa, mujallar kimiyya a hammatarsa.

Idonsa na bayan jirgin. Duk sanda mai jirgi ya murza inji, ruwa yakan tsarto da ƙarfi ya bugi kainuwa, wata ta watse, wata ta dunƙule wuri guda.

"Ƙara murzawa, ɗana," in ji shi.

"Baba, mi ya faɗa maka cikin ruwan?"

Sai ya buɗe mujallar ya nuna masa hoto. Ya ce can nesa akwai tarin taurari da wuta ke tsartuwa daga cibiyarsu, ta yi tafiyar dubban shekaru ta bugi gizagizan iska. Wasu su tarwatse, wasu su matsu har su haifi sababbin taurari. Takardar ritayarsa ta iso daga Sakkwato, gobe ne darasinsa na ƙarshe, kuma sau uku yana zana abin a allo ɗalibai na kallonsa kawai.

"To wa ka murza musu injin can sama?" in ji mai jirgin. Mata masu kifi suka yi dariya.

Da alama malamin ya saba da irin dariyar nan.

An shimfiɗa masa buhu a tsakiyar jirgi, busasshen wurin da ake ba dattawa. Ya gode, ya naɗe rigarsa, ya tsallake kwanduna, ya zauna gindin inji inda ruwa ke fantsama, ya zaro biro don ya zana wa darasin gobe yadda ruwan ke bugun kainuwa.