Kazar da Ta Tsaya da Ƙafa Ɗaya

Ko da zan manta ranar da na kammala karatu, ba na jin zan taɓa manta yinin da ni da Inna muka zauna a ɗaki muna gadin kifin da tuni ya kama gabansa.

Lokacin ina karatun kwamfuta, na zo hutu gida Yelwa, kaina cike da abin da aka koya mana na yadda ake sa na'ura ta gani. Inna kuwa sana'arta shanyar kifi. A bayan gida take baza ƙananan kifin tafki a kan tabarmi, ta zauna da doguwar sanda tana korar shirwa da hankaki da kajin maƙwabta. Tun ina ƙarama a haka na san ta, cikin rana, ɗankwali jiƙe da gumi. Shanyar wannan makon ta fi ta kullum nauyi, domin matar yayana ta yi haihuwar fari a gidan iyayenta a Wara, Inna kuma ta aika wa surukai cewa kifin suna duk a wuyanta yake. Uwar mai jegon mace ce da ba ta manta alkawarin da aka yi mata, ba ta kuma barin wanda ya yi ya manta.

Ni kuwa na ga dama ta samu. Na ɗauko 'yar kyamarata mai wayar USB, irin wadda ake maƙalawa a kan kwamfuta, na ɗaure ta a reshen darbejiya tana kallon tabarmin. Wayar ba ta kai ɗaki ba, sai na yi mata ƙari, na naɗe mahaɗar da salatif, na bi da ita ta ƙasan danga. Aikin da na tsara wa kwamfutar mai sauƙi ne. Za ta riƙa karɓar hoto daga kyamara ɗaya bayan ɗaya ba tsayawa, tana gwada sabo da wanda ya gabace shi. In ta ga wani abu ya motsa a kan kifin, sai lasifikar da na rataye a danga ta saki tsawa. Tsawar ma ta Inna ce, na ɗauka da wayar salula ba ta sani ba.

Da safe muka gwada. Shirwa ta sauko, muryar Inna ta fashe daga danga, shirwa ta juya ba shiri. Inna ta dafa ƙirji ta ce, "Wanga ni ce? Haka nika yi ma mutane?" Na ce mata tsuntsaye dai.

Abu ɗaya ya dame ta. Saboda tsawon wayar, hoto kan yanke, allon ya yi baƙi na ɗan lokaci ya dawo. Ta ce wannan ƙyafta-ƙyaftar tana sa mata jiri. Nan na yi dabarar da har yau in na tuna sai na rufe fuska. Na gaya wa kwamfutar cewa duk lokacin da sabon hoto bai zo ba, ta ci gaba da nuna na ƙarshe. Allo ya daina ƙyaftawa, na ji kaina har ya yi girma.

Bayan azahar na shawo kanta ta ajiye sanda ta shigo inuwa. Ta shigo tana waige. Na shimfiɗa mata tabarma, na dama fura, na ajiye kwamfutar a kan turmi a gabanmu. Ga kifi nan reras a allo, ga wata jar kaza can gefe ta ɗaga ƙafa ɗaya tana nazari.

Da farko Inna ba ta ɗauke ido ba. Can ta miƙe ƙafa. Can kuma ta kishingiɗa, ta fara ba ni labarin da ban taɓa ji ba, yadda tana budurwa take tuƙa kwalekwale ita kaɗai zuwa tsibiri, da ranar da ta yi tsere da Baba a ruwa ta bar shi a baya tun kafin ya san zai aure ta. Na yi dariya har na ƙware da fura. Lokaci zuwa lokaci takan leƙa allon ta gyaɗa kai.

"Auta, abin naki shina da kwarjini," in ji ta. "Ko ganye bai motsi."

Na ce ai ilimi ke nan. Wallahi haka na ce, har da gyara zama.

Jimawa kaɗan ta sake dubawa. "Amma wagga kaza tana da haƙuri. Tun ɗazu ƙahwa guda."

Na ce mata kaji sukan yi haka in suna hutawa. Ni da nake karatun na'ura, sai ga ni ina fassara halin kaji don kada a taɓa mini aikina.

Ana gab da kiran la'asar maƙwabciyarmu ta yi sallama, ta tsaya bakin ƙofa tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. "Lahiya dai? Na ga an yi sadaka bayan gida, nic ce bari in ji ko wani abu ya hwaru."

Inna ta nuna mata allo da alfahari. Matar ta duba, ta ce, "Wanga kihi na ɗazu ne."

Ban san Inna tana iya gudu ba sai ranar. Muka tarar da taro sosai a bayan gida. Shirwa na sauka suna tashi bi da bi, hankaki sun jeru a danga suna jiran layi, kajin unguwa sun zo da 'ya'yansu, wata kyanwa ta ƙoshi har ta kwanta a tsakiyar tabarma. Jar kazar nan tana ciki, a kan ƙafafunta biyu, ta fi kowa himma. A gindin danga kuwa akuyarmu ce ke tauna sauran salatif. Tun da ta raba wayar hoto ya daina zuwa, kwamfuta ta yi ta gwada tsohon hoto da kansa, ba ta ga bambanci ba, lasifika ta yi tsit. Duk abin da na ce ta yi, shi ta yi.

Abin da muka tattara bai kai rabin kwando ba. Na zauna a ƙasa na fashe da kuka, don na san abin da ke jiran Inna a Wara. Kuma ya same ta. Ranar suna uwar mai jegon ta ɗaga kwandon da hannu ɗaya a gaban mata, ta tambaya ko tafkin ne ya ƙafe bana. Inna ta haɗiye, ba ta ambaci sunana ba.

A motar dawowa na yi ta ba ta haƙuri. Ta daɗe tana kallon gonakin shinkafa ta taga, sannan ta ce, "Bari kuka, Auta. Rabona da in kwanta inuwa da rana tsaka tun kahin in haihe ki. Kihi ya tahi, amma na ji daɗin yinin nan." Ta ƙara da cewa, "Ki gyara abinki. Gwiwoyin ga sun gaji."

Ban taɓa jin ta ce ta gaji ba. Na juya na dube ta sosai, na ga furfura ta cika gefen ɗankwali. Ashe shekara da shekaru Innar ƙuruciyata nake gani, ita kuwa ta daɗe da wucewa nan.

Na gyara na'urar kafin hutu ya ƙare. Na binne wayar a ƙasa, na kuma sa in hoto ya daina zuwa allon ya yi ja ya yi ta ƙara har sai an tashi. Yau a wurin aiki duk wanda na koya wa haɗa kyamara da kwamfuta, farkon abin da nake gaya masa shi ne ya tabbatar hoton da ke gabansa na yanzu ne, domin shiru ba kullum yake nufin lafiya ba. Ni kuma in na kira Inna ta ce lafiya lau, ba na tsayawa nan. Mota nake shiga in je in gani da idona.