Ranar da Aka Gyara wa Inna Kulu Ɗakinta

Ɗakin kakata Inna Kulu, mahaifiyar babanmu, shi ne mafi tsufa a gidanmu na Argungu, kuma in za a faɗi gaskiya shi ne mafi muni daga waje. Ginin ƙasa ne gajere, ƙofarsa ta ɗan karkace, dogon mutum in bai sunkuya ba goshinsa zai gaya masa. Amma ka ɗaga asabari ka shiga! Ƙasan ɗakin daɓe ne da ta yi da hannunta, ta jiƙa shi da ruwan makuba har ya yi ja-ja-baƙi yana ƙyalli, ga wani ƙamshi mai sanyi da ban sake jin irinsa ba. A jikin bango tukwane ne jere, wata bisa wata, manya a ƙasa ƙanana a sama, kowace da abin da aka san ta da shi: ta daddawa, ta kuka, ta kanwa, ta busasshen kifi, da babbar da take ajiye irin shinkafa. Ragaya na rataye da ƙwaryar fura, faya-fayai a bango, adudun tufafinta a ƙarshen gado, randa a bakin ƙofa da moɗa a kife. Bayan ɗakin kuma 'yar garkarta ce, lalle da zogale da yakuwa, sai duma da ya hau rufin ya lulluɓe shi.

Sunanta aka sa mini, shi ya sa tun daga yaye aka kai mata ni, iyayena kuwa suna Birnin Kabi inda babanmu ke aikin gwamnati. Ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai takwara, in kuma na ɓata mata rai in zama takwarar banza. Tun da na yi wayo idanunta ba su gani sosai, daga baya ma sai haske da duhu kawai take bambancewa. Amma wallahi baƙo zai wuni da ita bai gane ba. Ba ta lalube a ɗakinta. Hannunta zai tafi kai tsaye ya ɗauko kanwa, ƙafarta ta san inda daɓen ya ɗan lotsa, ta zagaya garka ta tsinko yakuwa ta dawo ta ɗora miya. Dokarta ɗaya ce, kuma mun sha ranƙwashi a kanta: abin da ka ɗauka, ka mayar da shi inda ka gan shi.

Gidanmu gidan masunta ne, don haka da yamma ba a rasa wutar banda a tsakar gida. In aka yi sallar isha'i aka ci tuwo, sai mu yara mu taru kusa da wutar don hayaƙin ya kore mana sauron fadama, ita kuma ta jawo kujerarta 'yar tsugunne zuwa bakin ƙofa. Tana da tata hanyar buɗe tatsuniya. Sai ta ce, "Ga ta nan tahe daga gulbi, ta jiƙe sharkaf." Mu amsa, "A ba ta tabarma ta sha wuta!" Tatsuniyoyinta da yawa na dariya ne, amma akwai guda da ba na so, ina kuma roƙonta ta yi ta, irin halin yaro da taɓa miki.

Wata tsohuwa ce, in ji ta, take zaune a bakin gulbi da 'ya'yanta biyu, mace da namiji. Macen ta auri wani attajiri a gari mai nisa. Namijin ya shiga kwalekwale wata rana ruwa ya cika, bai dawo ba. Tsohuwa ta yi ta kuka a bakin ruwa har uwar ruwa ta gaji da jin muryarta, ta fito ta ce to, kowace shekara in ruwa ya shigo fadama za ta sake shi ya zo ya kwana ɗaya a ɗakin uwarsa. Amma da sharaɗi: wanda ya zauna ƙarƙashin ruwa ba ya gani a tudu, da lalube zai zo, kuma kada tsohuwa ta kuskura ta kira shi ko ta gaya wa wani. Ranar da ta buɗe baki, shi ke nan.

Haka aka yi ta yi. In ruwa ya cika, sai ta ji tafiya a hankali, ruwa na ɗiga. Ya shafa rufi ya ji ganyen duma, ya taɓa randa, ƙofa ta ƙwale shi a goshi, sai ya yi waƙa. A nan Inna takan sassauta murya:

"Duma ya san ni, randa ta san ni,
ƙofa ta buge ni, na iso gida."

Ya shiga ya kwanta a gefenta, ta shafa kansa har asuba, ba wanda ya ce wa wani uffan.

Ana nan sai 'yar ta zo ganin gida da jakuna niƙi-niƙi da kaya. Ta ga ɗakin uwarta, kunya ta kama ta, ta ce ina, ba za a ce uwar matar attajiri na kwana a wannan akurki ba. Ta sa aka sare duman, aka ɗaga ƙofa aka faɗaɗa, aka fitar da randa aka jera tasoshin jan ƙarfe, aka shafe bango da farar ƙasa fes. Tsohuwa na kallo, hawaye na zuba, ba damar ta faɗi dalili. 'Yar kuwa ta ɗauka kukan daɗi ne. Da ruwa ya cika, tsohuwa ta ji tafiyar nan. Ya shafa rufi, babu komai. Ya nemi randa, babu. Ya wuce ta ƙofa ba abin da ya taɓa shi, ya ja da baya da sauri.

"Duma bai san ni ba, randa ba ta nan,
wanga ba ɗakin innata na ba."

Tana jin takunsa yana komawa gulbi, ta cusa zane a baki don kada ta kira shi. Ya sake zuwa wata shekarar, ya sake komawa. Daga nan bai ƙara zuwa ba.

"Ta koma gulbinta," Inna za ta ce, "wanda duk ya bi ta, shi jiƙe." Mu kuwa sai mu hau zagin 'yar nan, muguwa, baƙar aniya, Allah ya isa. Na tuna sau ɗaya ta katse mu. Ta ce, "Kai, ku yi mani shiru, mi kunka sani? Ɗiyar kirki ta. Da jakuna ta zo, ba da sanda ba." Ban gane ba, na ɗauka tsufa ne.

Ina ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare babanmu ya ji labarin an kawo likitocin ido wani asibiti a Birnin Kabi, suna cire yana, tsofaffi na komawa gida suna gani. Ya aiko da mota aka ɗauke mu, ni da ita, muka sauka a gidansa a unguwar Badariya. Dole in faɗi wani abu a nan, don shi ne ya jawo komai. Babanmu ɗan fari ne, kuma Inna irin matan da ce masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce "mutumen ga". Ba ta kallon inda yake, ba su zama su yi hira. In ya zo Argungu daga bakin ƙofa yake tsugunawa ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice fuskarta na kallon bango. Bai taɓa zama a cikin ɗakin nan ba tun da ya girma. Abin da ya sani game da shi, abin da ake gani daga waje ne. Yana son uwarsa kamar ransa, amma babu hanyar da zai tambaye ta me take so, ita ma babu hanyar da za ta gaya masa.

Shi da ƙanwarsa Goggo Asabe suka ƙulla shawara, tunda Inna za ta dawo da idanunta, to abin da za ta fara gani ya zama abin da zai faranta mata rai. Muna can muna zaryar asibiti, su kuma suka tura magina. Ni ma ban sani ba sai da na ga wata maƙwabciyarmu a Badariya, Maman Rifkatu, 'yar Filato mai ɗinkin labule, ta kawo wasu labulaye masu ruwan ganye. Ta rage murya ta ce mini, "Na Mama ne, kada ki faɗa mata. Ni na zaɓi kalar, tsofaffi suna son ta." Na yi murna, na rantse na yi murna. Na riƙa hango Inna tana buɗe ido a kan labulen nan.

Aka yi aiki, aka cire bandeji, ba ta ga komai ba. Likita ya ce yanar ta fita, amma jijiyar idon ta riga ta mutu tun tuni. Inna ko a jikinta. Ta ce, "To, Allah bai nuhwa ba. Takwara, tattara muna kayanmu, yakuwata na can ta bushe."

Babanmu da kansa ya tuƙa mu, muka wuce Ambursa muka kama hanyar Argungu. Da muka shiga gida na ga ɗakin, na kasa gane shi. An rushe gaban an yi sabuwar ƙofar ƙarfe doguwa, rufin kwano, bango ya sha siminti da fenti, ƙasa tayil fari tas. Kabad mai gilashi cike da sababbin kwanuka, gado da katifa, fanka a sama. Garkar an share ta an zuba siminti don a riƙa yi mata shimfiɗa ta sha iska. Tukwanen an rabar, waɗanda suka fashe wajen fitarwa an zubar. Kai, ɗakin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba.

Inna ta sunkuya a bakin ƙofa kamar yadda ta saba, alhali babu abin sunkuyawa. Ta cire takalmi ta taka tayil, ta ɗage ƙafar da sauri saboda sanyinsa. Ta miƙa hannu inda randa take, hannun ya faɗa iska. Ta ɗaga shi sama neman ragaya. Sai ta tsaya cak a tsakiyar ɗaki tana shinshina warin fenti, ta ce, "Takwara, bar wasa. Kai ni ɗakina."

Na ce, "Inna, ai ga ki a ciki. Baba ne ya sa aka gyara miki."

Yana tsugune a bakin ƙofa, yana jin komai. Da za ta yi faɗa, ta zage mu tas, da ya fi mana sauƙi. Sai ta juya fuskarta ga bango ta ce, "Ki ce ma mutumen ga an gode. Allah shi yi mashi albarka." Sannan ta miƙo mini hannu. Tunda nake da ita, ranar ce ta fara miƙo wa wani hannu a ja ta.

Daga nan sai zama. Matar da ba ta taɓa cewa a miƙo mata ruwa ba, ta koma kiran yara, wani lokaci ta kira ta gaji ta haƙura da ƙishirwa. Ta gwada koyon ɗakin, ta buga gwiwa a kabad, ta zame a kan tayil da aka goge da ruwa ta gurɗe ƙugu, shi ke nan ta daina sauka daga katifa sai da dalili. Girki ya fita daga hannunta. Da yamma ana hura wutar banda, yara su zo bakin ƙofa su roƙe ta tatsuniya, ta ce ta gaji. Garin neman gira an rasa ido, haka matan unguwa suka riƙa faɗa a ɓoye, kuma na tabbata maganar ta kai kunnen babanmu.

Bai zauna ba. Ya dawo da buhun makuba da sababbin tukwane da randa, ya ce a fasa tayil ɗin a mayar da komai yadda yake. Muka taru a tsakar gida, ni da shi da Goggo Asabe da matan gidan, sai ga abin kunya. Randar nan, dama take ko hagu in za ka shiga? Goggo ta ce dama, matar baffana ta rantse hagu. Tukunyar kanwa ce a sama ko ta kuka? Taku nawa ne daga gado zuwa ragaya? Kowa ya juyo yana kallona, ni da na tashi a ɗakin, ashe ni ma ban sani ba. Duk mu masu ido, babu wanda ya taɓa kallon ɗakin nan da kyau. Aka ce in shiga in tambaye ta. Na durƙusa gefen katifa na ce, "Inna, wane gefe randarki take?"

Ta ɗaga hannun dama, ta sauke, ta ɗaga na hagu. Ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Ku bar shi, takwara, kada ku wahal da mutumen ga. Hannun ne ya sani, shi kau ya mance."

Daminar da ta biyo baya ta rasu a kan katifar nan.

Yanzu na kai shekarun da babanmu yake da su a lokacin, ina da nawa gidan a Birnin Kabi, ina kuma son kyakkyawan ɗaki kamar kowace mace. Na daɗe da daina zagin 'yar nan ta cikin tatsuniya. Na gane abin da Inna take nufi da ta ce da jakuna ta zo. Mugu kana iya rufe masa ƙofa, amma wanda ya zo da alheri niƙi-niƙi, bai tambaye ka ba, sai dai ka sa masa albarka ka haɗiye sauran. Abin da ke ci mini rai shi ne ta san wannan tun kafin ya same ta, ta yi ta faɗa mana a bakin wuta shekara da shekaru, mu da babu abin da za mu iya, shi kuwa wanda ya kamata ya ji, kunya ta hana ta gaya masa ko da kalma ɗaya.

Ɗakin yana nan, har yanzu shi ne mafi kyau a gidan, nan ake sauke baƙi, kuma duk wanda ya kwana sai ya yaba. Babanmu ya tsufa, ya yi ritaya. In muka je Argungu tare yakan gaisa da kowa, ya zagaya gidan, in ya zo daidai ƙofar nan sai ya tsuguna a waje kamar mai gaisuwa, sannan ya tashi. Har yau bai taɓa shiga ba.