Abarshi da Digogi Uku

An haifi Abarshi a Kusasu, a gidan maƙera, kuma ya yi shekara talatin yana ƙera fartanya kafin Turawan haƙar zinariya su sauka a dajin Birnin Gwari. A 1935 suka ɗauke shi gyaran diga. Aikin na ido ne. Sai bakin diga ya yi wani irin ja a wuta ake tsoma shi a ruwa. In an yi gaggawa ya lanƙwashe a kan dutse, in an makara ya karye.

A gida cikin bukka mai duhu yake ƙira. Kamfani kuwa rumfa ya kafa masa a fili, inda hasken rana ke ɓoye jan ƙarfe, ga shi yanar ido ta fara rufe masa gani. A mako guda diga biyar suka karye. Helma Nababa, shugaban leburori, ya aje masa uku, ya ce in ɗaya ta karye za a kawo wani maƙeri daga Kaduna.

Ƙanwarsa Safiyatu tana cikin masu wanke yashi a rafi, tana da mayen ƙarfe da take tsince baƙin yashi daga zinariya. Ranar da ta kawo masa fura ta rataye mayen a jikin rumfa. Duk digar da ya gifta da ita sai mayen ya manne mata, amma da ya fito da ta farko daga wuta, ko motsi bai yi ba. Ya bar ta ta ɗan huce, ya sake kusantowa, mayen ya kama. Nan ya gane mayen zai iya nuna masa zafin da idonsa ya kasa gani.

"Yaya, kada ka lalata mini shi," in ji Safiyatu.

Ya ce ta yi haƙuri zuwa la'asar. Ya riƙa zuga yana gwadawa, da zarar mayen ya saki ƙarfen sai ya ƙara zuga kaɗan ya tsoma.

Nababa da kansa ya gwada su a kan farin dutse, leburori na tsaye. Ta farko ta jure, ta biyu ma. Ta uku ya sara sau ashirin har gumi ya jiƙa masa riga, sannan ya shafa bakinta da yatsa.

"Gobe akwai goma sha biyu, Baba," ya ce.

Abarshi ya riƙe rumfar har kamfanin ya tashi, shekara shida bayan haka.