Geron da Ya Girmi Kwanan Watansa

Na yi aiki a ofishin wata ƙungiyar manoma a Bukkuyum, ni ce mai shigar da bayanai a kwamfuta. Manhajar lissafin da aka sa mana tana da shisshigi: da ka buɗe sabon shafi, kafin ka ce uffan ta riga ta cike gurbin kwanan wata da na yau. Wanda ya zo daga Gusau ya koya mana aikin ya ce mu bar ta haka, sauƙi ne. A wurinta duk abin da ya faru a duniya yau ya faru, kamar kawuna da ko labarin auren kakarmu yake bayarwa sai ya ce shekaranjiyan nan ne.

A cikin gari wannan ba ya ɓata komai, abin da aka yi yau ana shigar da shi yau. Takardun ƙauyuka kuwa sai ran da hanya ta yi kyau suke isowa.

Wakilinmu na Zugu wani dattijo ne mai tsohon babur da bakin barkwanci. Ni yana ce mini ɗiyata, kwamfutar kuma aljanata. Shi ke ɗaukar irin shuka daga sito ya kai wa manoma, kowa ya dangwala yatsa a takarda. Bai taɓa rubuta kwanan wata ba. Shi lissafinsa ruwan farko ne, da tsayuwar wata, da ranar kasuwa.

A damunar da nake magana 'yan bindiga sun tsare hanya, takardunsa ba su iso ba sai tsakiyar marka. Na shigar da su, aljanata ta buga musu kwanan ranar. Ba a jima ba mai binciken lissafi ya zo daga Gusau, ya ga iri ya bar sito farkon damuna amma bai kai hannun manoma ba sai makon jiya. Ya ce ke nan dattijo ya danne iri, ko ma ya sayar. Za a cire shi daga wakilci, a kuma faɗi dalili a gaban taron manoma. Mutumin da ko goron wani bai taɓa ci da zalunci ba!

Raina ya ɓaci. Na yi bayani da ƙarfi, na sake yi da ƙarfin da ya fi na farko, har masinja ya leƙo. Mai binciken ba mugu ba ne, amma ya ce maganata ba hujja ba ce, shi kuma ba mai kai shi Zugu ko da kyautar bijimi. Dattijo, da yake ofis yana jin komai, ya buga baburinsa ya tafi.

Washegari da hantsi sai ga shi da karan gero ɗaure a bayan babur kamar tuta. Ya tumɓuko shi da saiwarsa, ya fi mutum tsawo, har ya fitar da kai. Sai da aka kwantar da shi kafin ya shiga ƙofa, aka kashe fanka kafin a tsayar da shi. Ƙasa ta zube a kan teburin mai bincike.

"Ranka shi daɗe," in ji dattijo, "ga geron da aljanar ɗiyata tac ce an shuka makon jiya. In haka na, ku ƙaro muna irin ga, mu riƙa girbi kowace Juma'a."

Mai binciken ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya janye maganar cirewa, ya ce in nemo inda ake hana ta wannan azarɓaɓi. Ashe zaɓi ne a cikin saitinta: ko ta sa na yau, ko ta maimaita na ƙarshe da aka shigar, ko ta bar gurbin fayau. Na zaɓi fayau, ina jin daɗi kamar na rufe bakin magulmaciya.

Saura a gyara takardunsa. Na dube shi da tsokana na ce to Baba, yau ga ranar ruwan farko da tsayuwar wata, sai ka ba ni rana takamaimai, in kana da ita.

Ya daina murmushi.

"Wagga rana ba ta ɓace min, ɗiyata. Washegarin da munka rufe ƙanena ta. Ruwa ya sauka, ƙasa ko ba ta jiran a tashi zaman makoki. Daga kan tabarmar gaisuwa nir raba ma mutane iri."

Na san ranar, don mu ma mun aika da ta'aziyya. Tausayinsa ya kama ni har na kasa ɗaga kai. Mai binciken ya ɗaga hannu muka yi wa mamacin addu'a. Daga nan na jawo takardun na soma rubuta kwanan da yatsuna, ɗaya bayan ɗaya, dattijo yana zaune yana kallo har na gama.